Shekarar da Mangwaron Kawu Ya Fi Yin 'Ya'ya

Na Allah ne mu duka, kuma Kawu Babba ya riga mu amsa kira. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa na Unguwar Mu'azu na tashi, domin mahaifina ya rasu ina goye, Kawu ya je da kansa ya kwaso mu, ni da Umma, ya ba mu ɗakin da ke kusa da rijiya. Ban taɓa jin ya ce "'yar ƙanwata" ba. "'Yata" yake cewa, ranar da na fara koyarwa a firamare kuma ya koma kirana Malama, yana yi yana dariya.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, lungun gidan bai ɗauki jama'a ba, sai da rumfa ta kai bakin titi. Ina ciki wajen mata, amma tagar ɗakin Umma tana kallon rumfar, duk abin da ake faɗa yana shigo mana. Wani mai furfura, tsohon ɗalibinsa, ya ce Malam ya taɓa fitar da shi daga aji don ya ce saiwa ƙasa take ci. Ya yi dariya, sannan ya sa hular hannunsa ya rufe fuska. Matan Kakau, garin da gonarsa take, masu sarin mangwaro, sun zo a mota guda, Musulmi da Kirista, suka zauna a bakin ƙofa. Babbarsu ta ce wa Hajiya, matar Kawu, shi kaɗai ne mai gonar da ke yanka maka ka ɗanɗana kafin a fara ciniki. Baba, maƙwabcinsa na gona, dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, ya tsaya gefe har aka shafa addu'a. Da ya shigo gaishe da Hajiya ya durƙusa, ya ce, "Tica ya tafi da abin nan a ransa."

Hajiya ta ce, "Baba, yau a bar wannan maganar."

Can sai ga motoci sun toshe lungu. Kawu Ƙarami ne, autan su Umma, wanda gari yake kira Honorabul. Aka matsa masa, ya zauna a kan dardumar gaba, ya shiga karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ba shi hannu sai ya ce masa, "Ba wa na rasa ba, uba na rasa." Mutane suna ta cewa Allah sarki, zumunci ke nan. Maganar tasa gaskiya ce, kuma shi ya sa ta fi ciwo. Umma ta miƙe ta saki labule.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ana ta yabon mangwaron Kawu, ba wanda ya tambayi inda ya tafi.

Kawu malamin ilimin noma da tsirrai ne a wata sakandare, har ya yi ritaya. Amma aji bai taɓa isarsa ba. Na tuna wata Asabar Hajiya ta sayo alayyahu, ya zare kara ɗaya, ya tsiyaya jar tawadar da yake gyaran jarrabawa da ita a kofin gilashi, ya ƙara ruwa, ya tsoma karan ya ajiye a rana. Kafin azahar jijiyoyin ganyen sun yi ja. Ya tara mu yaran gida da na maƙwabta, ya sa reza ya yanka karan, ya nuna mana wasu jajayen ɗigo-ɗigo da suka kewaye cikinsa.

Ya ce, "Wannan bakin bututu ne. Sun fi gashin kanku siranta, kuma tun daga saiwa suke har ƙarshen ganye. Ta nan ruwa ke hawa."

Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, miyar fa?"

"Ɗaya na ɗauka."

"Shekaranjiya ma ɗaya ka ɗauka."

Yana da karin maganarsa na kansa: itace ba ya tauna, sha yake yi. Duk amfanin da ke cikin ƙasa, in ji shi, sai ya narke cikin ruwa kafin saiwa ta ɗauke shi, kamar gishiri a miya. Saboda haka in ya ga mutum yana barbaɗa takin zamani a busasshiyar ƙasa, ko bai san shi ba sai ya tsaya ya yi masa magana. Ya sha jin "ina ruwanka" a hanyar Kakau, bai daina ba.

Wata rana na tambaye shi wa ke tura ruwan har ƙololuwar bishiya, tunda ba ta da famfo. Ya ce in jira in gani. Ya ɗaure farar leda a reshen gwaibar tsakar gida da safe, da la'asar ya kira ni, na tarar ruwa ya taru a gindin ledar. Ya ce ganye gumi yake yi. Wanda ya fita sai ya jawo na bayansa, na baya ya jawo na bayansa, har can cikin ƙasa, kamar yadda ake jan guga. Shi ya sa in zai yi dashe yake tsinke rabin ganyen, kada ganye ya nemi ruwan da sabuwar saiwa ba ta iya bayarwa ba.

Gonar Kakau gadon mahaifinsu ce, a bakin hanyar Abuja. Shi ya mai da ita gonar mangwaro mai aure, wato wanda ake ɗauko reshen iri mai kyau a haɗa shi da jikin ƙaramin dashe har su zama itace ɗaya. Duk wanda ya zo ya ce a koya masa, Kawu zai zaro 'yar wuƙarsa mai naɗewa ya zaunar da shi. Baba ma haka suka haɗu. An rage ma'aikata a masaƙa har da shi, ya sayi fili kusa da na Kawu, bai san kan itace ba. Kawu ya leƙa ta kan shinge ya ga abin da yake yi, ya tsallaka. Damina biyu yana yi wa dashen Baba aure, ko ruwan sha da nasa yake zuwa. Tun daga nan Baba yake ce masa Tica.

A cikin duk waɗanda ya koya wa, ba wanda ya kama ƙafar Kawu Ƙarami. Iyayensu sun rasu bai shiga makaranta ba, Kawu ne ya yi masa wanka, ya kai shi aji ɗaya, ya yi masa kaciya, ya yi masa aure. Auta yake ce masa. Ni na taso na same shi saurayi mai fara'a, shi ke ɗaukata a keke ya saya mini alewa, kuma ina ƙaunarsa ƙwarai. In ya riƙe wuƙa Kawu tsayawa yake yi yana kallo. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani santsi, kuma in santsin reshe bai haɗu da santsin dashen ba, aure ba ya kamawa. Auta ba ya kuskure wannan haɗin. Kawu yakan ce wa baƙi, "Hannun yaron nan ya fi nawa."

Ya koya masa har da abin da ba a cika koyarwa ba. Akwai wani tsohon marke da ya yi wa mangwaro inuwa, in aka sare shi zai faɗa musu. Ina tsaye Kawu ya nuna wa Auta yadda ake zagaye gindinsa a ɓare ɓawo, ya ce masa, "Ka kankare santsin nan tas. In ka bar shi, warkewa zai yi." Marken ya mutu a tsaye, suka riƙa sauke rassansa a hankali.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba. Bai taɓa ganin girman Auta ba. Mutum ya ajiye iyali, 'ya'yansa sun shiga sakandare, amma in ya kawo shawara a kan gona sai Kawu ya ce, "Kai me ka sani?" Amfanin gona kam yana raba shi daidai, kowa da kasonsa, har Umma. Magana ce dai tasa shi kaɗai. Umma ta sha gaya masa, "Yaya, yaron nan fa ya girma." Sai ya ce, "A idonki."

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, gari ya cika da hotunan 'yan takara, har jikin katangar masallacin lungunmu. Auta ya fito neman kansila. Yana da ubangida a jam'iyya, wani Alhaji mai gidajen mai, wanda idonsa ya faɗa kan bakin gonar nan. Daga baya muka ji cewa Auta ya riga ya yi masa alkawarin wurin kafin a tsayar da shi.

Wata rana da la'asar Auta ya zo, ya sami Kawu a ƙofar gida da abokan hirarsa. Lokacin na yi aure ina Nasarawa, na zo gaishe da Umma, ina zaure zan fita na tsaya.

Ya ce, "Yaya, gefen titi kawai nake so a yanka mini. Rabona ne."

Kawu ya ce, "Gefen titi ai nan manyan suke."

"Na sani. Amma zamani ya juya, Yaya. Wanda bai shiga yanzu ba, an bar shi."

"Ƙasa haƙƙinka ce, ban isa in hana ka ba. Amma ba zan sa hannu a sare itace yana da rai yana ba da 'ya'ya ba. Ranar da suka mutu, ka zo mu raba."

"Mangwaro fa sai ya ga jikokin wanda ya dasa shi."

Kawu ya ce, "To ka gani."

Abokan hira suka yi dariya. Auta bai yi ba. Ya sa takalminsa ya tafi, ko ciki bai shiga ya gai da Umma ba.

Ƙarshen daminar nan aka yi wa Kawu aikin yanar ido, ɗaya bayan ɗaya, likita ya hana shi shiga rana da sunkuyo. Sai ga Auta ya dawo da fuska a sake, da ledar lemo da ayaba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, maganar nan ta wuce. Ka kwanta ka warke, gona tana hannuna." Bayan mako ya aiko cewa ya kai tifar takin shanu, an zuba wa manyan bishiyoyin duka.

Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na lokacin ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin takin. Ya ce wa Umma, "Kin ce ya girma, to yau na yarda." Ranar zaɓe ya ce sai ya fita. Hajiya ta hana, ya ƙi. Ni na riƙe hannunsa, yana sanye da baƙin tabarau, muka bi layi. Wanda ke gabanmu da wanda ke bayanmu duk sai da ya gaya musu cewa ƙanensa ne, shi ya raine shi, kuma yaro ne mai amana. Auta ya ci.

Da likita ya sake shi, ni na raka shi Kakau, domin idon bai gama washewa ba. Tun daga bakin titi muka ji ƙamshi. Manyan bishiyoyin sun yi fure har ba a ganin ganye sosai, ƙudan zuma sai kuka suke yi. Baba ya taho da sauri yana murna, ya ce, "Tica, ka ga aikin taki? Tun da nake ban ga irin wannan ba."

Kawu ya yi murmushi, amma da ya matsa kusa sai ya ɓata rai. An tula takin a jikin gindi, ya kai gwiwa. Ya ce, "Auta ya manta ne? Ba a jingina taki da gindi, ruɓar da ɓawo yake yi." Ya miƙa mini sandarsa, ya durƙusa, ya shiga janye takin da hannu.

Sai na ga hannun ya tsaya.

An zagaye gindin bishiyar, an ɓare ɓawo faɗin tafin hannu, ba a bar ko zare ba. Itacen ciki ya bushe, sumul kamar taɓarya. Kawu ya bi shi da yatsa har ya kewayo. Ya tashi bai karɓi sandar ba, ya je ta gaba ya tona. Haka. Ta gaba ma haka. Muna biye da shi. Duk layukan da ke gefen titi an yi musu. Na can baya, ƙanana, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Baba ya ce, "Amma Tica, ga ganye shar, ga fure. Ai ba su mutu ba."

Kawu ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Muryarsa ta koma irin ta aji, a hankali. Ya ce, "Hanya biyu ce a jikin itace, Baba. Ruwa da abin da ya narke a cikinsa ta cikin itacen suke hawa, wuƙa ba ta kai nan ba, shi ya sa ganye bai yi yaushi ba. Abincin da ganye ke haɗawa da rana kuwa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka wa saiwa. Ita aka yanke. Abincin ya rasa hanyar sauka, ya taru a sama, shi ne furen da kake gani. Saiwa tana cin ajiyarta yanzu. Ranar da ajiyar ta ƙare za ta mutu, ruwa ya daina hawa." Ya ɗaga kai ya dubi rassan. "Bana za su yi 'ya'yan da ba su taɓa yi ba. Daga nan sai murhu."

Baba ya cire hularsa. Ya ce, "Ina nan ranar. Honorabul ya zo da samari da tifa. Su suna sauke taki, shi ya tuɓe riga yana bin gindin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka gyara yake yi. Ni na kai musu ruwan sha, Tica."

Kawu ya ce, "Ba sai ka faɗa ba. Ɗan ƙwadago sara yake yi, ya bar rabi. Wannan hannun na san shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Umma ta aika aka kira Auta ɗakinta. Ya zo da sabuwar shadda, direba na jiransa a waje. Da farko ya ce samarin ne, bai san abin da suka yi ba. Kawu ya kafa masa idon nan da aka gyara. Can Auta ya gyara zama ya ce, "To, ni ne. Yaya, bishiya ce fa, ba mutum na kashe ba. Shekara nawa ina roƙonka haƙƙina kana mai da ni yaro a gaban mutane? Kai ka ce sai sun mutu."

Kawu ya ce, "Ni na faɗa, kuma ban kyauta ba."

Auta bai zaci haka ba. Kawu ya ci gaba:

"Da ka ɗauko gatari ka sare rabonka ina kallo, da na yi fushi, da na huce. Da ka kai ni gaban alƙali, da na je. Amma ka zauna a bakin gadona, idona a rufe, ka ce in kwanta. Ka bar ni ina sa maka albarka a gaban mutane. Ka bar ni na bi layi."

"Yaya..."

"Abu ɗaya nake so in sani. Lokacin da kake kankare santsin, muryar wa kake ji?"

Auta ya dubi Umma, Umma ta kawar da kai. Ya tashi ya ce yana da taro a sakateriya.

Kawu bai sallama ba. Yana da ƙananan dashe a leda da yake raino. Ya dasa su a gindin manyan, ya fiƙe kawunansu ya cusa a ƙarƙashin ɓawo ta saman raunin, ya ɗaure, ko Allah zai sa abinci ya sami sabuwar hanyar sauka. Rani ne, sai an yi ban ruwa. Shi da Baba da Hajiya suka riƙa ɗebowa daga rafi, ni kuma ina zuwa Asabar da Lahadi. Baba yakan taso daga coci ya wuto gonar da kayan jikinsa. Mutum mai sabon aikin ido yana sunkuye cikin rana da wuƙa. Hajiya ta yi faɗan har ta gaji, ta koma riƙe masa lema.

'Ya'yan kuwa sun zo kamar yadda ya faɗa. Rassa suka sunkuyo har sai da aka tokare su. Masu wucewa a mota suna tsayawa su kalla. Matan sari suka zo da kwanduna suna ta sa albarka, babbarsu ta ce, "Malam, bana ba ka yanka mana ba." Ya miƙa mata wuƙar ya ce ta yanka da kanta. Ko ɗaya bai kai bakinsa ba a shekarar. Amma ya ware kason Auta kamar kullum, ya sa aka kai masa har gida. Umma ta ce, "Yaya, har da shi?" Ya ce, "Haƙƙinsa ne." Lokacin ya zo daidai da rantsar da sababbin shugabanni. Wata da ta je walimar gidan Honorabul ta ba mu labari cewa da mangwaron aka tari baƙi, kowa yana santi.

Damina ta wuce, ganye ya fara zuba daga sama. Kafin wata daminar yawancinsu sun bushe a tsaye. 'Yan kaɗan ne dashen ya kama, suka fitar da sabon toho, kuma Kawu yakan tsaya a gabansu ya daɗe. Sai ga dattawan dangi sun zo, Auta ya turo su. Suka ce, Malam, kai ka ce in sun mutu a raba, ga shi sun mutu. Ba wanda ya tambayi abin da ya kashe su, alhali duk sun sani. Ɗaya daga cikinsu Honorabul ya sama wa ɗansa aiki, wani kuma yana jiran kujerar Makka. Baba ya ce a kai ƙara, zai tsaya shaida ko a gaban wa. Kawu ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da yaron da ya goya ba, kuma magana shi ya yi ta. Ya sa hannu.

Waɗanda suka rayun a gefen titi suke. Katafila ba ta bambanta su da matattun ba.

Kawu ya ci gaba da zuwa gonar baya na ɗan lokaci, yana sauka a mota tun kafin a kai gidan man da ubangidan Auta ya gina a wurin, ya zagaya ta gonar Baba. Daga baya ya bar wa Baba kula da ita. Abin da ya fi damuna ba gonar ba ce. Mutane ba su daina zuwa neman ya koya musu aure ba, sai ya ce idonsa ba ya gani. Idon kuwa ras yake, da shi yake karatun Alƙur'ani ba tabarau. Na taɓa roƙonsa ya zo ajinmu ya nuna wa yara yadda ruwa ke hawa a jikin tsiro. Ya ce, "Malama, ke ki nuna musu hanyar hawa. Ki tsaya nan."

Bai taɓa zagin Auta ba, bai kuma hana 'ya'yansa shiga gidan ba. In an haɗu a suna ko jana'iza, Auta ya gaishe shi, yana amsawa. Sai dai ya daina ce masa Auta. Honorabul yake ce masa, kamar kowa. Shi kuwa daga kansila ya ƙara gaba, ya yi Makka, ya gina bene. Duk Sallah yana aiko buhun shinkafa, Kawu ya sa Hajiya ta raba wa maƙwabta.

Ciwon ajalin Kawu hawan jini ne, ya taɓa masa ɓari ɗaya, daga baya ya taɓa tunaninsa. Wani lokaci ya gane mu, wani lokaci ya koma shekarun da ba a haife ni ba. Umma ta aika wa Auta sau da dama cewa ya zo ya nemi gafarar ɗan'uwansa tun yana gane mutane. Kullum ana zaman majalisa, ko an tafi Abuja.

Auta ya zo wata Laraba da hantsi, ana saura 'yan kwanaki Kawu ya cika. Ya bar mutanensa a waje, ya shigo shi kaɗai. Ina ɗakin, da Umma da Hajiya. Ya cire hula, ya durƙusa a gaban gadon, babbar rigarsa ta bazu a ƙasa. Na ga hawaye a idonsa, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Ya kama hannun Kawu mai lafiyar ya ce, "Yaya, ni ne. Na zo ka yafe mini."

Kawu ya dube shi da kyau, cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa babban baƙo. Ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. A ba shi kujera mana."

"Yaya, Auta ne."

Fuskar Kawu ta sake. Ya ce, "Ka san shi? Ƙanena ne. Ya tafi makaranta tun safe bai dawo ba. In ka gan shi a hanya ka ce ya yi sauri, rana ta yi." Ya juya wajen Hajiya. "A rufe masa tuwonsa, kada ya huce."

Hajiya ta ce, "An rufe, Malam."

Kawu Ƙarami ya daɗe a durƙushe. Ya dubi Umma kamar ita za ta ba shi abin da ya zo nema. Umma ta ce, "Ka ji dai abin da ya ce." Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita.

Ko wannan yafiya ce, ko ba ita ba ce, malamai sun fi ni sani. Ni dai abin da na gani na rubuta. Allah Ya yalwata wa Kawu kabarinsa, Ya shayar da shi daga ruwan da ba ya yankewa, Ya ba Hajiya da Umma haƙurin rashinsa. Sauran kuma, akwai ranar da za a tambayi kowa.